Ƙiba a ƙananan sakandare: Yadda jadawalin iyaye ke ƙara wa 'ya'ya nauyi

Kafin ƙarfe shida na safiyar ranar aiki, motoci sun riga sun yi jerin gwano a hanyar Keffi zuwa Abuja, tun daga Mararaba har gangaren Kugbo. Haka lamarin yake a hanyar Kubwa da ta Lugbe. A kujerar baya ta da dama daga cikin motocin akwai yara sanye da kayan makaranta, wasu na gyangyaɗi, wasu na cin biskit suna korawa da lemon kwali, saboda an fito da su daga gida kafin a sauke tukunyar karin kumallo. Uba na sauri ya sa hannu a rajistar ofis kafin ƙarfe takwas, uwa ma tata ma'aikatar na jiranta.

Yaron da ke wannan kujera zai yi sa'a ɗaya ko biyu a zaune kafin ya isa makaranta. Zai zauna a aji har ƙarfe biyu, ya zarce darasin yamma har huɗu, ya jira iyaye su tashi daga aiki, sannan ya sake zama cikin cunkoson komawa gida. Idan an iso bayan magariba, ga aikin da malamai suka bayar, ga waya ko talabijin, ga abincin dare mai nauyi da za a ci dab da kwanciya. Idan aka lissafa sa'o'in yininsa, da wuya a samu rabin sa'a da ya yi gudu har ya yi gumi.

Bayan shekara biyu ko uku a kan wannan tsari, wando ya daina rufuwa, riga ta matse, numfashi na sama-sama idan an hau bene. A gida za a ce yaro ya samu hutu, ko kuma jikin gidansu ne. A makaranta kuwa 'yan ajinsu sun laƙaba masa suna, lukuti ko orobo. Ba kasafai ake samun wanda zai ɗora shi a kan sikeli ba, balle a tambayi yadda aka yi nauyin ya taru. Alhali kusan duk abin da ya tara shi, daga lokacin tashi daga barci zuwa abin da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta, manya ne suka tsara.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce ƙima a duniya, kuma miliyan 160 daga cikinsu sun kai matakin matsananciyar ƙiba. A 1990 kashi 8 cikin 100 na wannan rukuni ne ke da nauyin da ya wuce ƙima. A 2022 sun kai kashi 20. Masu matsananciyar ƙiba kuwa sun tashi daga kashi 2 zuwa kashi 8.

A watan Satumban 2025, Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa a karon farko yaran da suka kai shekarun makaranta masu matsananciyar ƙiba sun fi masu rama yawa a duniya. Yankuna biyu ne kawai ba su kai wannan gaɓa ba tukuna, wato Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya.

Wannan togaciya za ta iya sa mai karatu a Najeriya ya saki jiki, musamman da yake yunwa ce ta fi bayyana a idon kowa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, NDHS, na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. To amma wannan binciken dai shi ne ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane da gidajen masu hali. Ƙasa ɗaya ke ɗauke da matsalolin biyu, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Binciken na NDHS yana auna ƙananan yara ne da matan da suka kai shekarun haihuwa, don haka ɗalibin ƙaramar sakandare ya faɗa tsakani. Masu bincike na asibitocin koyarwa ne suka riƙa shiga makarantu da sikeli a garuruwa irin su Legas, Fatakwal, Kano, Sakkwato da Abuja. Alƙalumansu sun bambanta daga gari zuwa gari, amma mafi yawansu sun nuna alƙibla guda: ƙiba ta fi yawa a makarantu masu zaman kansu a kan na gwamnati, ta fi yawa a birni a kan ƙauye, ta fi kama 'yan mata a kan maza, kuma ta fi samun wurin zama a gidajen da iyaye ke da ilimi da albashi. Wannan siffa ta yi daidai da gidan ma'aikacin tarayya.

Yaushe jiki mai kyau ke zama ƙiba?

Ido ba ya iya yanke wannan hukunci, musamman idon uwa. Likitoci na amfani da ma'aunin da ake kira BMI, inda ake raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Ga babba, wanda sakamakonsa ya kai 25 nauyinsa ya wuce ƙima, wanda ya kai 30 kuwa yana da matsananciyar ƙiba. Ga yaro mai tasowa lissafin ya sha bamban, domin dole a kwatanta sakamakon da shekarunsa da jinsinsa a jadawalin girma da WHO ta fitar a 2007.

A ɗauki yaro namiji ɗan shekara 12, mai tsawon mita ɗaya da rabi da nauyin kilo 55. Sakamakonsa zai kama 24 da ɗoriya. Da mahaifinsa ne ke da wannan sakamako, da sai a ce lafiya ƙalau. Amma a jadawalin yara maza 'yan shekara 12, wanda ya kusa 20 ya fara wuce ƙima, wanda ya haura 23 da rabi kuwa ya shiga matsananciyar ƙiba. Wato yaron da baƙi ke yaba wa da cewa ya yi kyau, a wurin likita ya riga ya tsallake iyaka ta biyu.

Matsalar ita ce awo na tsayawa da wuri. Jariri ana ɗora shi a sikeli duk lokacin da aka je rigakafi, a rubuta a kati. Da zarar an gama allurai sai katin ya shige ƙasan akwati. Yaro na iya gama firamare da ƙaramar sakandare ba a auna tsawonsa da nauyinsa tare ba, sai dai idan zazzaɓi ya kai shi asibiti aka auna don lissafin magani.

Me ya sa shekara 10 zuwa 14?

Waɗannan su ne shekarun da jiki ke shiga balaga, girma ya yi sauri, cin abinci ya ƙaru. A jikin 'yan mata kitse na ƙaruwa bisa halitta, a jikin maza kuma tsoka ce ta fi ƙaruwa. A wannan lokaci ne kuma jiki ke rage jin sinadarin insulin na ɗan wani lokaci, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai cikin tsoka. Yaro mai daidaitaccen nauyi kan wuce wannan mataki ba tare da ya sani ba. Wanda ya shigo da kitse mai yawa kuwa, jikinsa na ɗaukar kaya biyu a lokaci guda.

Masu bincike a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun wallafa a mujallar Nature a 2008 cewa yawan ƙwayoyin kitse a jikin mutum yana tsayawa ne a ƙuruciya da samartaka. Bayan nan, idan babba ya rame ƙwayoyin ƙanƙancewa suke yi, adadinsu bai ragu ba. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda mujallar Obesity Reviews ta wallafa a 2016, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na matasan da ke da matsananciyar ƙiba suna shiga girma da ita. Zancen da ake yi cewa zai saki idan ya girma, mafi yawan lokaci ba ya tabbata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A wannan shekarun ne kuma yaro ke fara riƙe kuɗi da zaɓar abin da zai ci da kansa. A firamare uwa ce ke zuba abinci a kwano. A ƙaramar sakandare ɗaukar kwano ya zama abin kunya a gaban abokai, sai a koma ba shi kuɗi a hannu.

Inda kuɗin tara ke tafiya

Kantin makaranta da masu tebur a bakin ƙofa sun san abin da yara ke so da abin da ba ya lalacewa a rana: lemon kwalba, lemon kwali, biskit, cincin, fanke, donat, alawa, askirim da soyayyen dankali. Duk kaya ne masu yawan sukari, mai da gishiri, masu daɗi a baki, waɗanda ba sa riƙe ciki. Gwanda da kankana na buƙatar wuƙa da firiji, kuma ribarsu ba ta kai ta katon ɗin lemo ba.

WHO ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, kuma ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5. Ga yaro ɗan shekara 12, kashi 10 ɗin nan bai wuce kimanin giram 50 ba, wato ƙaramin cokali 12. Robar lemo mai gas guda ɗaya ta santilita 50 tana ɗauke da kusan wannan adadi. Kenan roba ɗaya a lokacin tara ta cinye kason yini gaba ɗaya, ba a zo ga shayin safe da biskit ba. Yaron da ke shan roba ɗaya a kowace ranar makaranta, a zango ɗaya na mako 13 ya sha sukarin da ya haura kilo uku.

Sukarin da aka sha a ruwa yana da wata illa ta daban: ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci tuwo ya san ya ci, wanda ya sha lemo kuwa zai nemi abincinsa cikakke bayan nan. Lemon kwalin da aka zana wa hoton 'ya'yan itace, da madarar roba mai zaƙi da lemon malt, duk suna cikin wannan sahu, ko da yake iyaye da yawa na saye da niyyar gina jiki. Zoɓo da kunun aya na gida ma, idan aka cika musu sukari, ba su tsira ba.

A gida kuwa, gajiyar iyaye ce ke rubuta jerin abinci. Uwar da ta iso ƙarfe bakwai na dare ba ta da ƙarfin gyaran zogale ko tuƙa tuwon dawa. Taliyar leda mai dahuwa cikin minti biyar, farin burodi, farar shinkafa da soyayyen abu su ne mafita. Tsadar rayuwa ta ƙara dagula lissafi. Bayan cire tallafin fetur a 2023, hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Idan albashi ya matse, ƙwai, kifi, wake da kayan marmari ne ke fara fita daga cefane, a bar masu cika ciki da arha. Shi ya sa ake iya samun yaro mai ƙiba wanda jininsa bai isa ba.

Tsallake karin kumallo ma na da nasa tasiri. Bincike da yawa ya alaƙanta shi da ƙiba a tsakanin ɗalibai, kuma dalilin a fili yake: yaron da ya fito da yunwa tun asuba, duk abin da ya fara gani a ƙarfe goma shi zai saya.

Zama da ƙarancin barci

WHO na so yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. Wani nazari da masanan hukumar suka wallafa a 2019 ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na ɗalibai masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ƙa'ida, kuma 'yan mata sun fi maza gazawa.

Yawancin ma'aikatan da ke Sakatariyar Tarayya a yau da ƙafa suka je makaranta. Sun yi langa da wasan ɓuya a dandali, mata sun yi 'yar gala-gala da tsallen igiya, an aike su ɗebo ruwa da niƙa. Ba wanda ya kira wannan motsa jiki, rayuwa ce kawai. 'Ya'yansu kuwa sun taso a bayan katanga da ƙofar ƙarfe. Tsoron masu satar mutane da gangancin direbobi ya sa ba a barin yaro ya taka zuwa makarantar da ke bayan layi, kuma tsoron yana da dalili. Unguwanni da yawa a garuruwan da ke kewaye da birnin ba su da hanyar masu tafiya a ƙasa, filayen da yara ke ƙwallo a da kuma sun zama shaguna da gidajen haya.

Makarantu masu zaman kansu da dama gidajen kwana ne aka mayar ajujuwa, harabarsu ba ta wuce wurin taron safe da ajiye motar makaranta ba. Darasin motsa jiki na nan a jadawali, amma sau da yawa a allo ake yin sa, yara su kwafi faɗin filin ƙwallo a littafi, su haddace don jarrabawa. Da zarar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta matso, wannan darasi ne ake fara sadaukarwa, kuma iyaye ba sa ƙorafi, domin sakamako suka biya wa kuɗi. Yarinyar da ta fara girma kuwa sau da yawa ana janye ta daga guje-guje gaba ɗaya, ba tare da an samar mata wurin da za ta motsa cikin sutura da natsuwa ba.

Barci shi ne ɓangaren da aka fi mantawa. Masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 na buƙatar sa'a 9 zuwa 12, mai shekara 13 zuwa 18 kuma sa'a 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe goma sha ɗaya da waya a hannu aka tashe shi ƙarfe biyar, sa'a shida ya samu. Ƙarancin barci na hargitsa sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa yunwa da ƙoshi, sai yaro ya wuni yana kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga kasala. Wayar kanta tana cutarwa ta fuska uku: tana zaunar da yaro, tana cinye barcinsa, tana kuma nuna masa tallan abin da zai saya gobe.

Gado da al'ada

Gado na da hannu, babu shakka. Yaron da iyayensa ke da ƙiba ya fi saurin yin ta. Haka wanda mahaifiyarsa ta yi ciwon suga lokacin goyon cikinsa, da wanda aka haifa da ƙaramin nauyi sannan ya yi saurin cika daga baya. Shayar da nonon uwa kuwa na rage haɗarin. To amma halittar mutane ba ta canza ba tsakanin 1990 da 2022, abin da ke kewaye da su ne ya canza. Abin da ake kira jikin gida sau da yawa tukunyar gida ce da ɗabi'un gida. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ba ya cin abinci sai da lemo mai sanyi a gefe zai sha wuyar hana ɗansa.

Akwai kuma yadda al'umma ke kallon jiki. Wanda ya taso ya ga abin da tamowa ke yi wa yara, dole kumatun ɗansa su faranta masa rai. Idan an je gida hutun ƙarshen shekara, kaka na auna kulawar suruka da cikar jikoki, yaro siriri kuma sai a tambaya ko ba a ba shi abinci ne. Wannan ta sa wasu iyaye ke sayen magungunan buɗe ciki ba da izinin likita ba, wasu 'yan mata kuma ke shan ƙwayoyin da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe don su ciko. Daga cikin irin waɗannan akwai masu kumbura fuska da jiki, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi.

Abin da ke biyo baya

Wasu alamomin na bayyana tun yaro na aji biyu. Uwa za ta ga bayan wuyan ɗanta ya yi baƙi ya yi kauri, ta sa soso da sabulu tana dirza tana faɗan ƙazanta. Sau da yawa wannan ba dauɗa ba ce, alama ce cewa jiki ya fara bijire wa insulin, kuma likita ya kamata ya gani. Nau'in ciwon suga na biyu, wanda a da ake ɗauka na dattawa ne, yanzu ana samun sa a matasa, kuma idan ya kama da wuri ya fi saurin taɓa ƙoda da ido.

Akwai hawan jini, da kitse a hanta wanda ba ya ciwo sai ya yi nisa. Akwai minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, abin da ke sa yaro gyangyaɗi a aji har a ce masa malalaci. Nauyi na iya lanƙwasa ƙafa ko ya gusar da kan ƙashin cinya a ƙugu, don haka yaro mai ƙiba da ya fara ɗingishi ko kukan gwiwa bai kamata a tsaya shafa masa man zafi ba. Ga 'yan mata, ƙiba na iya jawo balaga da wuri da rikicewar al'ada.

Raunin da ya fi saurin zuwa shi ne na zuciya. Yaron da ake yi wa dariya a filin wasa zai daina zuwa filin, ya koma gefe, ya nemi lallashi a wurin abinci. Gori daga iyaye da malamai ba ya rage ko kilo ɗaya. Abin da yake haifarwa shi ne ci a ɓoye, ko kuma, musamman ga 'yan mata, ƙin cin abinci ta hanyar da ke da nata haɗarin.

Fayil ɗin da ke kan tebur

Da yawa daga cikin iyayen da ke cikin cunkoson Kugbo su ne kuma ke rubuta takardun da ministoci da 'yan majalisa ke sa wa hannu. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da Manufar Kiwon Lafiya a Makarantu ta Ƙasa, wadda ta tanadi duba lafiyar ɗalibai, ciyarwa da muhalli mai kyau. Sikeli da ma'aunin tsawo ba su kai kuɗin tayar mota ɗaya ba. Da masu duba makarantu a Babban Birnin Tarayya za su riƙa neman rajistar awon ɗalibai kowane zango, su leƙa kanti su ga abin da ake sayarwa, su kuma tambayi inda yara ke gudu kafin a sabunta lasisi, da an yi nisa ba tare da sabuwar doka ba.

Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. A kan robar santilita 50 naira biyar kenan, a kayan da farashinsa ya kai ɗaruruwan naira. WHO ta daɗe tana cewa irin wannan haraji na tasiri ne idan ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100. Ƙungiyoyin kare lafiya na neman a ƙara, masu masana'antu kuma na cewa ƙarin zai taɓa ayyukan yi da aljihun talaka. Muhawarar na da nauyi ta kowane ɓangare, sai dai harajin da aka tsayar a kan naira, hauhawar farashi na cinye shi kowace shekara.

Wasu ƙasashe sun gwada hanyoyin da za a iya dubawa. Meziko ta fara harajin lemo a 2014. Birtaniya da Afirka ta Kudu sun fara nasu a 2018, inda suka ɗaura harajin a kan yawan sukarin da ke cikin abin sha, lamarin da ya sa kamfanoni da dama suka rage sukari don su rage biya. Chile kuwa tun 2016 ta wajabta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk kayan da sukari, gishiri ko kitsensu ya yi yawa, ta hana sayar da su a makarantu, ta kuma hana tallata su ga yara 'yan ƙasa da shekara 14. A Najeriya bayanin sinadarai na bayan leda ne, cikin ƙananan haruffan da ɗan shekara 11 ba zai tsaya karantawa ba.

Daga gida za a fara

Mataki na farko shi ne awo. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin hukumar NHIA ta haɗa da ma'aikaci, abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, don haka neman a auna tsawo, nauyi da hawan jinin yaro sau ɗaya a shekara ba ya buƙatar wani kasafi. Likita ne zai tantance ko akwai wata cuta a ƙasa, abin da ba kasafai ake samu ba, ko kuwa tsarin rayuwa ne.

Likitocin yara ba sa ba da shawarar a sa mai tasowa cikin yunwa, ko a ba shi shayin rage ƙiba da ake tallatawa a intanet. Ga yara da yawa ya isa a tsayar da hauhawar nauyi, tsawo ya zo ya cim masa. Kuma gyaran na gida ne gaba ɗaya. Idan aka ware yaro ɗaya da kwanon ganye alhali 'yan'uwansa na cin soyayyar kaza da lemo a gabansa, horo aka yi masa.

Canjin da ya fi saurin amfani shi ne fitar da lemo daga firiji, ya koma abin biki, ruwa ya koma abin sha na kullum. Karin kumallon da aka haɗa tun dare, kamar dafaffen ƙwai, alale ko ɗumamen tuwo, ana iya ci ko a mota. Gyaɗa, gurjiya, aya, yalo, karas da ayaba na shiga jakar makaranta ba su lalace ba. Wake, acca, dambu, fate da miyar ganye da aka baro a ƙauye sun fi yawancin abin da ke cikin kwali amfani, kuma ana iya dafa na kwana uku a ƙarshen mako. Waya ta kwana a falo, ta yara da ta manya. Ranar Asabar kuma akwai bakin tafkin Jabi, akwai filin shaƙatawa na Millennium, akwai harabar Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola, ko kuma layin unguwa kawai, idan uba zai fito ya taka tare da 'ya'yansa.

Sauran aikin na taron iyaye da malamai ne, inda ake shafe sa'o'i ana jayayya kan kuɗin mota da na littattafai. A zama na gaba, mahaifi ɗaya na iya ɗaga hannu ya tambayi shugaban makaranta abu biyu: me ake sayar wa yara a lokacin tara, kuma sau nawa a mako suke fita fili su yi gudu.